Ruwan da Ba Ya Jiƙa Hannu

Ƙarfe biyun dare a tsohuwar jami'a,
injin bayan ofis yana tarin ƙarancin mai.
Baba Ilu mai gadi ya leƙo ta taga:
“Malama Tasalla, me kike dafawa ne da ya ƙi nuna?”
Na ce ruwa nake damawa, Baba.
Ya dubi tebur. Ba ƙwarya, ba ludayi.

Ta ina zan fara masa?
Taurari biyu ne, matattu tun Dala ba ta da suna,
suka yi karo, cikinsu ya fashe,
abin da ya kwararo yana bin haske a dugadugai.
Ni kuwa na yanka sararin gida-gida kamar dara,
gida miliyan goma sha shida,
kowanne na zuba masa tsabarsa:
zafi, matsi, nauyi, gudu.
Na ce wa na'ura, matsa su taku ɗaya.
Ƙara. Ƙara.

Na san hargitsin ruwa tun ina 'yar bakwai.
Gidanmu na bakin Jakara,
ranar wata marka takalmina na roba ya suɓuce,
ya yi kewaye uku a gindin gada.
Babban juyi ya miƙa shi ga ƙaninsa,
ƙanin ya miƙa wa wani ɗan mitsitsi,
daga nan ban sake ganinsa ba.
Inna ta ja kunnena har gida
tana cewa ruwa ba ya tsami banza.

Amma wannan ruwan ba ɗan'uwan Jakara ba ne.
A can zafi ma nauyi gare shi.
Kowane ɗigo da agogonsa a hannu,
mai gudu nasa na jan ƙafa,
yanzun wannan ɗazun wancan ne,
kuma babu labarin da ke riga haske isa,
ko da na rasuwa ne.

Shekaranjiya gida ɗaya ya yi taurin kai.
Lissafi ya ba shi gudun da ya zarce haske da ƙiris,
ƙiris ɗin da ba a yafewa.
Maƙwabcinsa ya ɗauka, na gaba ya ɗauka,
kamar jita-jitar tashin farashi a Kwari,
kafin in ajiye kofi allon ya yi fari fat.
Aikin kwana goma sha ɗaya.
Ban yi kuka ba. Na dai fita na zaga bishiyar darbejiya.

Na samo ɓarnar a layi na ɗari huɗu da goma sha biyu:
alamar ragi inda tarawa ya kamata.
Na tuna daren da na rubuta shi,
Sagiru na kan cinyata, jikinsa kamar garwashi,
hannu ɗaya a goshinsa, ɗaya a kan madannai.

Yau ga shi yana tafiya.
Ja na naɗe shuɗi, shuɗi na yagewa zare-zare,
juyi na haihuwar juyi a kan gilashi.
Baba Ilu ya dawo da shayi,
yana ɗaga shi daga kofi zuwa kofi don ya huce,
ya tsaya, ya ƙura wa allon ido.
“Wannan ai madara ce ta shiga ruwan bunu.”
Na ce kusan haka ne, Baba.
Ya ce, “To, a sha da zafi.”

Abin da ban gaya wa kowa a taron sashe ba:
akwai juyin da ya fi gidan darata ƙanƙanta.
Rariyata ba ta kama shi.
Can ƙarfin yake gangarawa ya zama ɗumi,
ni sai dai in yi masa zato, in sa wa zaton lamba.

An kira assalatu ta wajen Kabuga.
Saura mai na awa ɗaya, in ji Baba.
Na bar shi yana gudu.
Wani wuri ƙasa da gida mafi ƙanƙanta
takalmin ƙafar hagu yana kewayawa har yanzu.